Dokar Zubar da Ciki a Ma'aunin Fiƙihu: Sharhi a Kan Dokar da Martanin da Ake Yi Mata

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah da Ya halicci ɗan Adam mataki-mataki a cikin mahaifa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka:

'Yan'uwa masallata da ɗalibanmu na islamiyya, tun da majalisar dokokin ƙasarmu ta Benin ta faɗaɗa dokar zubar da ciki a 2021, maganar ba ta kwanta ba. Ana yin ta a mumbari, ana yin ta a zaman hira bayan la'asar, ana ta turo muryoyin wa'azi a WhatsApp. Abin da muka lura shi ne, da yawan masu zagin dokar ba su san abin da ke cikinta ba, da yawan masu yabonta kuma ba su san abin da littattafanmu suka ce ba. Saboda haka a wannan fitowa za mu ɗora abu biyu a kan ma'auni: dokar kanta, da kuma irin martanin da ake yi mata a unguwanninmu. Matsayarmu tun farko ita ce: dokar ta buɗe ƙofar da shari'a ba ta buɗe ba, amma faɗin "haramun ne" kaɗai bai sauke wa al'umma nauyin da ke kanta ba.

Me dokar ta ce?

A daren 20 ga Oktoba 2021 'yan majalisa a Porto-Novo suka amince da gyaran dokar lafiyar haihuwa ta 3 ga Maris 2003. Shugaba Patrice Talon ya sa hannu ranar 20 ga Disamba 2021, ta zama doka mai lamba 2021-12. A watan Afrilu 2023 gwamnati ta fitar da ƙa'idojin aiwatar da ita, inda ta taƙaita aikin ga ma'aikatan lafiya da asibitocin da aka ba izini.

Tsohuwar dokar ta yarda a cire ciki a hali uku: idan rayuwa ko lafiyar uwa na cikin haɗari, idan cikin na fyaɗe ne ko na muharrami, da kuma idan an gano mummunar cuta a jikin ɗan tayi. Sabuwar ta bar waɗannan, ta ƙara ta huɗu: mace na iya neman a cire mata ciki idan zai jefa ta cikin ƙunci ko ya ƙara mata shi, ƙuncin abin hannu, ko na karatu, ko na sana'a, ko na zuciya, muddin cikin bai wuce mako 12 ba.

Ministan lafiya Benjamin Hounkpatin, wanda shi kansa likitan mata ne, ya kafa hujja da cewa kusan mata 200 ke mutuwa kowace shekara a ƙasar nan sanadin zubar da ciki a ɓoye. Shugaban majalisar na lokacin, Louis Vlavonou, ya fito fili ya ƙi dokar, haka ma majalisar manyan limaman Katolika. Ke nan ba Musulmi kaɗai abin ya dama ba.

Mu nan Madekali muna zaune ne a bakin ƙasa uku. Tsallaken kogi Gaya ce, inda dokar Nijar ta 2006 ba ta yarda ba sai don lafiyar uwa ko mummunar cutar ɗan tayi. Ta gabas ga Lolo da Illo a jihar Kebbi, inda dokar arewacin Najeriya ba ta yarda ba sai don ceton ran uwa. Ko da aka rufe gadar Malanbil bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023, kwale-kwale bai daina kai da kawo ba, dangi ɗaya ne a ko'ina. To abin da ke laifi a Gaya ya zama izini a Malanbil. Musulmi kuwa ya san hukuncin Allah ba ya sauyawa da tsallake ruwa. Dokar ƙasa tana faɗin abin da ba za a ɗaure ka a kansa ba. Halal da haram, wani fage ne daban.

Lissafin kwanaki

Ɗalibai su riƙe wannan da kyau, domin nan ake yawan ruɗewa. Likita yana fara ƙirga ciki daga ranar farko ta hailar ƙarshe. Malamin fiƙihu yana fara ƙirgawa daga shigar cikin, wanda a galibi yakan zo wajen mako biyu bayan haka. Mako 12 na dokar lissafin likita ne, wato kwana 84 daga haila, kimanin kwana 70 daga shigar ciki.

A hadisin Abdullahi ɗan Mas'udu, na huɗu a Arba'una ta Imam Nawawi wadda yaranmu ke haddacewa, an ambaci matakai uku na kwana arba'in-arba'in kafin a aiko mala'ika ya busa rai. Daga nan jamhurun malamai suka ɗauki kwana 120. A Sahihu Muslim kuma akwai hadisin Huzaifa ɗan Asidu da ya ambaci zuwan mala'ika bayan dare 42. Kwana 120 ɗin nan, a lissafin asibiti, ya kai wajen mako 19.

Ashe wa'adin dokar ya wuce kwana arba'in, bai kai kwana 120 ba. Wanda ya ce dokar ta halatta kashe jariri mai rai a watansa na tara da sunan talauci, ya yi mata ƙari. Wanda ya ce ai kafin mako 12 jini ne kawai, babu komai, shi ma ya faɗi abin da malamanmu ba su faɗa ba.

Me malamai suka ce?

Bayan an busa rai, malamai sun haɗu a kan cewa zubar da ciki kisan rai ne. Kafin nan ne aka yi saɓani. A mazhabar Imam Malik, wadda a kanta aka rene mu, abin dogaro shi ne ba ya halatta a fitar da abin da ya zauna a mahaifa ko da kafin kwana arba'in ne. Haka Shehu Dardir ya tabbatar a sharhinsa na Muhtasar. Ibn Juzayy ya nuna laifin yana ƙara girma idan halitta ta bayyana, ya fi girma idan an busa rai. Imam Lakhmi, cikin Malikiyya, shi ne ya sassauta kafin kwana arba'in. Hanbaliyya da yawa sun yarda kafin arba'in. Cikin Hanafiyya akwai waɗanda suka kai har kwana 120, amma masu tantancewa a cikinsu sun ɗaure abin da uzuri, misalin mai shayarwa da nononta ya ƙafe saboda sabon ciki, uban kuma ba shi da halin ɗaukar mai shayarwa, ana tsoron jinjirin da ke hannu ya halaka. Shafi'iyya su ma sun rabu, Imam Gazali yana cikin masu hanawa tun daga farko.

Ku duba yadda Malikiyya suka girmama abin da ke cikin mahaifa. Mai Risala ya ce wanda ya yi sanadin faɗuwar cikin 'ya mace, diyyar da ake kira gurra ta hau kansa, ƙimarta dinari 50 ko dirhami 600. Kuma a wurinsu, gudan jinin da aka zuba wa ruwan zafi bai narke ba, ciki ne, idda tana cika da faɗuwarsa.

Malaman zamani ma sun zauna. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa ta yi zama a Makka a 1990 ta ce: idan kwamitin ƙwararrun likitoci amintattu ya tabbatar ɗan tayi na da mummunar nakasa da ba ta da magani, ana iya cirewa kafin kwana 120 bisa buƙatar iyaye biyu. Bayan kwana 120 kuwa ba a taɓa shi, sai in barinsa zai halaka uwar.

Inda dokar ta dace, da inda ta zarce

Adalci ya sa mu faɗi gaskiya ko a kan abin da ba mu so. Ƙofar ceton ran uwa ƙofa ce da malamanmu suka buɗe tun kafin majalisa ta san da ita, bisa ƙa'idar kawar da babbar cuta da ƙarama. Cikin da ya zauna a wajen mahaifa, jinin da ya ɓalle ya ƙi tsayawa, jijjigar masu ciki da hawan jini ke kawowa: a irin waɗannan uwa ce tushe. Maigidan da likita ya ce masa ran matarsa na kan siraɗi, ya ce shi ba zai yarda a taɓa cikin ba don tsoron Allah, ya jahilci addininsa. Ƙofar nakasa tana da madogara a hukuncin Makka da muka ambata, da sharuɗɗansa. A kan fyaɗe, malamai da dama na wannan zamani sun sassauta a kwanakin farko, kuma dukansu sun haɗu cewa wadda aka tilasta ba ta da zunubi ko ƙwayar zarra. Mun kuma yaba da cewa ƙa'idojin sun bar wa ma'aikacin lafiya damar janye hannunsa idan imaninsa bai yarda ba.

Matsalar tana ƙofa ta huɗu. Na farko, kalmar ƙunci ba ta da iyaka. Wace mace ce a Madekali ba ta cikin ƙuncin abin hannu a shekarar da ruwa ya cinye shinkafa, ko albasa ta ruɓe a kasuwar Malanbil don babu masu saye? In talauci ya zama dalili, ai rabin 'ya'yan gari sun shiga. Alhali Alƙur'ani ya hana kashe 'ya'ya don talauci sau biyu, a Suratul An'am aya ta 151 da Suratul Isra'i aya ta 31, ɗaya ga wanda ke cikin talaucin, ɗaya ga mai tsoron zuwansa. Gaskiya ne ayoyin sun sauka a kan 'ya'yan da aka haifa, amma dalilin da suka rusa shi ne dai dalilin da dokar ta ɗaga. Hatta majalisar manyan malaman Saudiyya, wadda ta sassauta a arba'in ɗin farko idan akwai maslaha ta shari'a, ta ce tsoron wahalar reno da ciyarwa ba ya cikin uzuri.

Na biyu, dokar ta ɗora neman a hannun mace baliga ita kaɗai. A shari'a ɗa haƙƙin mutum biyu ne, kuma akwai haƙƙin Allah a samansu. Shi ya sa Malikiyya suka ce miji ba ya yin azalu sai da izinin matarsa. In an hana namiji yanke hukunci shi kaɗai kafin ciki ya shiga, yaya za a ba ɗayansu shi kaɗai bayan ya shiga? Masu kare dokar suna cewa jikinta ne, zaɓinta ne. Mun yarda ita ke ɗaukar wahalar da namiji bai san ɗanɗanonta ba, kuma Alƙur'ani ya shaida mata da haka. Amma a aƙidarmu jiki amana ne a hannun mai shi, abin da ke cikin mahaifa kuma amana ce a cikin amana.

Na uku, kuma shi ya fi ci mana rai: yarinyar da ta ce karatunta zai tsaya, ko matar da ta ce ba ta da abin ciyarwa, kukan talauci da wulakanci suke yi. Dokar ta ji kukan, sai ta cire cikin ta bar talaucin a inda yake. Bayan wata shida matar tana nan a ɗakinta babu hatsi, yarinyar tana nan a ajin malamin da ya yaudare ta.

Martanin da ake yi

To, mu juyo gida. Yawancin wa'azin da ke yawo a kan wannan magana yana tsayawa ne a kalma ɗaya: haramun. Kalmar gaskiya ce a mafi yawan hali, amma mai wa'azin da ya tsaya nan ya bar abubuwa masu nauyi.

Bai rarrabe ba. Yana haɗa wadda ta zubar don holewa, da wadda aka yi wa fyaɗe a hanyar gona, da wadda likita ya cire wa don kada ta mutu, duk ya zuba su a kwando ɗaya. Fiƙihu kuwa duk rarrabewa ne. Illar wannan ba ƙarama ba ce. Ɓari, wanda ke zuwa daga Allah ba da hannun kowa ba, ya zama abin zargi. Mace za ta yi ɓari, jini na zuba, ta ƙi zuwa asibiti don kada a ce ita ta jawo. Wallahi wannan kunya tana kashe mutane.

Ya manta da namiji. Ciki ba ya shiga da mutum ɗaya, amma a jikin mace yake bayyana. Na tsallake sun ga misali a shari'ar Safiya Husaini ta Tungar Tudu: kotun Gwadabawa ta yanke mata hukuncin jefewa a Oktoba 2001, namijin da ta ambata aka sallame shi don babu shaidu, sai a Maris 2002 kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a a Sakkwato ta wanke ta. Kowace yarinya ta san wannan lissafi: shi zai rantse ya tafi, ita za ta zauna da shaida a gabanta. Sau da yawa ma shi ne mai kawo kuɗin ƙwaya, ko uwa ta kawo jiƙo don a rufe asirin gida kafin ranar biki. Ina hudubar da ta kira waɗannan da sunan laifinsu? Wanda ya biya, da wanda ya sayar, da wanda ya tilasta, duk suna da kaso a jinin.

Ga wani abin mamaki. A ranar da aka sa hannu a doka ta 2021-12, a ranar aka sa hannu a ta 2021-11, mai tsananta hukuncin fyaɗe da auren dole da cin zarafin mata, wadda ta haramta soyayya tsakanin malami da ɗalibarsa, ta kuma miƙa irin waɗannan laifuka ga kotun CRIET. Ta farkon kowa ya ji ta a mumbari. Ta biyun fa, mutum nawa suka ji? Alhali ita ce ke toshe ɗaya daga cikin manyan hanyoyin da cikin da ba a so ke shigowa. Idan an yi wa ɗiyar talaka fyaɗe, sai manya su taru a zaure a ce a yi sulhu, a ba uban 'yan jikkuna, a kashe maganar. Wannan sulhu zalunci ne aka sa wa rawani.

Ya kuma manta da rahama. Ku tuna matar nan Bagamidiya da ke Sahihu Muslim. Ta zo da kanta ta yi iƙirari, tana da ciki. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya mayar da ita har ta haihu, ya sake mayar da ita har ta yaye. Wani mutumin Ansar ya ɗauki nauyinta har ta sauka. Da Halidu ɗan Walidu ya zage ta, Annabi ya tsawata masa, daga baya ya yi mata salla. Darasi biyu ne a nan. Ɗan da aka samu ta hanyar zina ransa abin karewa ne kamar na kowa. Kuma an sami wanda ya ciyar da uwar ya ba ta wurin kwana. A garinmu yarinya in ta yi ciki, uba ya kore ta, makaranta ta gagare ta, in ta haihu a kira ɗan shege har ya yi furfura, ba mai ba shi aure. Mutanen da suka rufe mata kowace ƙofa su ne kuma za su tsaya suna tsine mata don ta bi ta taga. Kai jama'a, a ji tsoron Allah. Kuma masu yaɗa cewa wance ta zubar, ba tare da shaida ba, su koma su karanta aya ta 4 ta Suratun Nur, su ga bulala 80 da aka tanadar wa mai ƙazafi.

Abin da ya hau kanmu

Ga 'yan'uwa mata: izinin doka ba fatawa ba ne. Wadda ta shiga matsi ta nemi malami ko malama mai riƙe sirri, da likita amintacce, tun da wuri, domin hukuncin kwana 30 ba ɗaya yake da na kwana 100 ba. A guji ƙwayoyin kasuwa da jiƙe-jiƙe. Duk macen da jini ya ɓalle mata, ko zazzaɓi ya rufe ta da ciwon mara bayan ciki ya fita, ko ta wace hanya ya fita, a kai ta asibitin Malanbil a daren, kada a jira safiya. A ceci rai tukuna, tambaya ta biyo baya, ƙofar tuba kuma a buɗe take. Wadda aka yi wa fyaɗe a kai ta asibiti cikin kwana uku, domin a wannan tsakani ne maganin kariya daga cutar sida ke aiki, sannan a kai ƙara.

Ga magidanta: matar da ke goyo da ciki shekara bayan shekara har jikinta ya gaji, ita ce wata rana za ta nemi mafita a ɓoye. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a Disamba 1988, ta halatta tazarar haihuwa ta wani lokaci idan miji da mata sun yi shawara sun yarda, ta hanyar da ba ta cutarwa, ta kuma hana yanke haihuwa gaba ɗaya ba tare da larura ba. Sahabbai sun yi azalu a zamanin Annabi, kamar yadda Jabir ya ruwaito. Hana ciki shiga ya fi sauƙi nesa a shari'a a kan taɓa shi bayan ya shiga. Maigida ya raka iyalinsa awo, ya ji da kunnensa.

Ga kwamitin masallaci da masu hali: in mun ce talauci ba uzuri ba ne, to wajibi ne mu sa hannu a aljihu. Zakkar shinkafa da ake fitarwa bayan girbi, a ware kaso a sarari don mai cikin da miji ya gudu ya bari, da bazawara mai goyo, da kuɗin motar kai mai naƙuda asibiti. Makarantun islamiyyarmu su karɓi yarinyar da ta haihu ta dawo karatu ba tare da gori ba. Muna neman wanda zai tsaya a matsayin mutumin Ansar ɗin nan.

Ga ɗalibai: ku koma babin idda da babin diyya a Risala, da hadisi na huɗu a Arba'una, ku karanta su a gaban malamanku da wannan mas'ala a zuciya. Gobe ku za a tambaya, kuma mai tambayar tana iya zama tana kuka.

Allah Ya tsare mana zuri'a, Ya sauki masu ciki lafiya, Ya jiƙan matan da suka rasu a kan gwiwa, Ya shirye mu baki ɗaya. Abin da muka dace daga Allah ne. Wallahu a'alamu.